Anti, farantin jelatin ɗina sai ruɓewa yake, ko dai in haƙura?

Salam Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Na ga bidiyon yadda ake buga zane da farantin jelatin a gida, a shafa fenti a ɗora ganye a danna takarda sai kawai zane ya fito, abin ya shiga raina sosai. Na sayi jelatin na haɗa yadda aka rubuta a bayan kwalin, na farko ina ɗagawa ya rabe biyu a hannuna, na gaba ya yi 'yan kwanaki a firij ya fara wari da fumfuna, maigidan ya ce shi fa ya gaji da buɗe firij yana cin karo da abin nan kusa da abinci, kuma wai na ɓata tiren kicin. Ko ranar da farantin ya ɗan tsaya, fentin ko dai ya bushe kafin in ɗora takarda ko ya yi caɓal, kalolin duk su koma ruwan ƙasa, ga takardu masu tsada da na saya sun kusa ƙarewa babu ko ɗaya da zan iya nuna wa mutum. Yayata ta ce ba kowa Allah ya ba baiwar zane ba, in haƙura. Ni kuma tunda na bar aiki wannan ne abu na farko da na ji ina so in yi don kaina. In sayi farantin kamfani ne, ko in bar abin gaba ɗaya?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta saƙonki har ƙarshe ban ga inda maganar baiwa ta shigo ba, abin da na gani awo ne bai yi daidai ba, sai fenti da ya yi yawa, sai kuma zancen firij, ke kuma kika tattara su waje guda kika ɗora wa kanki laifi. Yayarki ba da mugun nufi ta faɗa ba na sani, ta ga kina wahala ne tana so ki huta, amma dai ba a yanke wa mutum hukuncin baiwa a kan farantin da bai ma daskare ba. Ke har yanzu baki buga zane ko ɗaya a kan faranti na gaske ba, to da me za a auna ki?

Kin ce kin bi abin da aka rubuta a bayan kwali, toh nan gizo ke saƙar. Wancan awon na jelin da ake ci da cokali ne, an yi shi ne don ya yi laushi ya narke a baki, ƙaramin fakiti ɗaya mai giram 7 shi ake sa wa ruwa kofi biyu, wato kusan rabin lita. Farantin bugu kuwa ana so ya jure rola da danna da ɗagawa, yana bukatar kusan ninki biyar na wannan ƙarfin. Awon da ake yawan amfani da shi, jelatin cokali babba 6, wato kusan giram 50 ko irin waɗancan fakitin guda 7, sai gilisarin, ruwan nan mai kauri mara kala da ake shafawa a fata, kofi ɗaya da rabi, ruwa kofi ɗaya da rabi, kowanne kamar mililita 360 kenan. In kin zuba wannan a mazubi mai faɗin santimita 20 kowane gefe zai baki kauri kusan santimita 2, kuma ni kaurin nan nake so wa mai farawa saboda siriri shi ke saurin yagewa wajen ɗagawa. In ɗakin da kike aiki yana da zafi ƙara cokali ɗaya ko biyu na jelatin, ba zai ɓata komai ba. Kuma ki tabbata jelatin ɗin farin gari ne zalla, ba mai kala da suga da ƙamshi ba, wancan sai danƙo da kiran tururuwa.

Gilisarin ɗin nan shi ne maganin warin da maigidanki ke ƙorafi a kai. Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake fitar da shi, in kika haɗa shi da ruwa zalla kin yi wa fumfuna shimfiɗa ne, ko a firij ba ya wuce 'yan kwanaki zuwa sati ɗaya ko biyu ya fara lalacewa, gefensa ya bushe ya tsattsage. Gilisarin yana riƙe danshi a jikin farantin don kar ya bushe, kuma yana hana ƙwayoyin ruɓa samun ruwan da suke bukata, shi yasa farantin da aka yi da shi yake yin watanni a kan kanta ba tare da ya ga firij ba. Ki nemi zallan gilisarin, kar ki ɗauko wanda aka gauraya da turare ko ruwan fure don shafawa a jiki. Tunda na ambaci dabba, akwai jelatin na alade akwai na shanu akwai na kifi, in wannan ya dame ki ki duba jikin kwalin kafin ki biya kuɗi, na shanu yana aiki daidai, na kifi ne dai ya fi saurin laushi in an yi zafi. Wasu suna gwada agar-agar da ake samu daga ciyawar teku, shi sai an tafasa shi yake narkewa kuma ba ya jin zafin ɗaki ko kaɗan, amma ba shi da talewa, karyewa yake yi, ban ba ki shawarar ki fara da shi ba.

Wajen haɗawa mutane da yawa suke kwafsawa saboda gaggawa. Ki ɗauki rabin kofi daga cikin ruwan ki bar shi da sanyinsa, ki haɗa da rabin gilisarin ɗin, sai ki riƙa barbaɗa jelatin a sama kaɗan-kaɗan kina juyawa, kar ki juye shi tuli guda zai yi gudaji. Bar shi minti biyar zuwa goma ya sha ya kumbura. Sannan ki zuba sauran ruwan da zafinsa, ki juya a hankali, a hankali fa nace, ba kaɗawa ba, har sai kin ɗebo a cokali kin ga babu ƙwayar garin ko ɗaya, sai sauran gilisarin ya biyo. In gudaji ya ƙi narkewa ki ɗora kwanon a cikin wata tukunya mai ruwan zafi ki ci gaba da juyawa. Abin da ba a yi shi ne tafasa haɗin a kan wuta, tafasa tana rage wa jelatin ƙarfin kamawa, sai ki ga kin sa awo daidai amma faranti ya fito lagwai-lagwai ki rasa dalili.

Mazubin ya zama ƙasansa sumul, gilashi ko roba ko tiren ƙarfe da babu ƙarzuwa babu tambarin kamfani a ƙasa, don duk abin da ke ƙasan nan zai fito a jikin farantin kuma zai fito a kowane bugu da za ki yi da shi. Ki ajiye mazubin a inda zai zauna tun kafin ki zuba, waje mai daidaito, in tebur ya karkata gefe ɗaya zai yi kauri gefe ɗaya siriri. Ki zuba daga kusa-kusa. Kumfar da ta taso ki ja ta zuwa gefe da tsinken takardar jarida, ko ki fesa sifirit kaɗan da kwalbar feshi, nan take za ki ga ta fashe, amma dai nesa da murhu don sifirit yana kama wuta. Daga nan ki cire hannunki. Awa ɗaya ko biyu kar a taɓa, in ya fara kamawa ki rufe ki sa a firij dare ɗaya kawai, banda firiza. Da safe ki sa yatsu ki ja gefen a hankali iska ta shiga ƙarƙashi, ki kifo shi a kan gilashi ko faffaɗar roba mai santsi. Fuskar da ta kwanta a ƙasan mazubin ita ce ta fi santsi, da ita za ki yi aiki. Yadda za ki gane ya yi, ki danna shi da yatsa, ya kamata ki ji shi kamar tsokar tafin hannunki ta gindin babban yatsa, ya lotsa kaɗan ya dawo.

Wani daɗin faranti na gida shi ne ba ya mutuwa. Ya yage, ya yi rami, ko ya tsuke saboda ruwa ya ragu, ki yayyanka shi ƙanana ki narkar a maikirowef sakan talatin-talatin kina dubawa, ko a kan ruwan zafi, ki ƙara ruwa 'yan cokula, ki tace da tsohon rariya ko tsohuwar safa don ɓarɓashin fenti ya fita, ki sake zubawa. Wanda ya yi fumfuna ne kaɗai ba a ceto, wannan sai shara. Zafi kuma abokin gabarsa ne, jelatin yana fara sakin jiki tun wajen digiri 30 zuwa 35, ƙasa da zafin jikin mutum, saboda haka kar ki bar shi a bakin taga rana na dukansa, kar ki wanke shi da ruwan ɗumi, kuma in ranar zafi ce ki yi aikin da sassafe ko da dare. In kin ji ya fara danƙo a tsakiyar aiki ki ba shi minti ashirin a wuri mai sanyi. In daga firij kika fito da shi zai yi gumi, ki ɗora takarda mara amfani ta tsotse kafin ki sa fenti, in ba haka ba fentin zai riƙa taruwa ɗigo-ɗigo ya ƙi shimfiɗuwa.

Yanzu fenti, wanda nake ganin shi ne ya fi cinye miki takardu. Kusan duk mai farawa fenti yake cikawa, saboda ido yana ganin ɗan ɗigo ya ce wannan ai ba zai isa ba. Zai isa. A faranti mai girman da na faɗa, ɗigo biyu ko uku kowanne bai fi kan ɗan yatsanki ba, ki bi da ƙaramar rola ta roba mai laushi, ki mirgina gaba ki ɗaga ki dawo ki sake, ki juya ta ɗaya gefen, har ya shimfiɗu siriri yadda kina iya hango farantin ta ƙarƙashi kaɗan. Ki saurari rolar ma, in fentin ya yi daidai za ki ji wani siririn sauti sss, in kuwa kina jin caɓ-caɓ kuma rola tana zamewa maimakon juyawa tana barin layi-layi, ya yi yawa, ki mirgina rarar a kan takardar da kika ajiye a gefe. Kar ki danna rolar da ƙarfi, nauyin hannu kawai. Fenti mai yawa shi ke cike jijiyoyin ganyen ya shafe su, shi ke sa takarda ta zame, shi ne caɓal ɗin da kika gani.

Bushewar kuma wani abu ne daban, kuma ba laifin hannunki ba ne, halin akrilik ne, wato fentin zanen nan da ake sirkawa da ruwa, wanda nake zaton da shi kike aiki, in an shimfiɗa shi siriri minti ɗaya ma da ƙyar yake kaiwa, balle in fanka na kaɗawa ko iskar ɗakin a bushe take. Na tabbata abin da kike yi shi ne ki shafa fenti sannan ki fara neman ganye, ki tsaya tunanin ina za ki ɗora shi, ki je ɗauko takarda. A'a. Komai ya zama a jere tun kafin ki buɗe murfin fenti, takardu a yanke a hannun dama, ganye da sitensil, wato siffofin da aka yanka daga takarda ko roba, a hagu, kin riga kin san abin da za ki ɗora da inda za ki ɗora shi, fanka a kashe. In duk da haka yana riga ki, akwai ruwan da ake ɗigawa a akrilik don ya jinkirta bushewa, masu sayar da kayan zane sun san shi, akwai kuma akrilik da aka yi shi dama mai jinkirin bushewa irin Golden Open. Amma ni a kan farantin gida na fi son tawadar bugu mai narkewa a ruwa, irin ta Speedball da ake buga hatimin roba da ita, tana ba ki lokaci ki yi tunani, tana fito da ƙananan layuka tsaf, kuma tana goguwa da ɗanyen tsumma. Aibinta ɗaya, ko ta bushe in ruwa ya taɓa takardar za ta iya zuba, sai ki kula in kati za ki yi.

Ruwan ƙasan da kalolinki ke komawa, wannan lissafi ne mai sauƙi. Ja da kore in sun gauraya ruwan ƙasa suke bayarwa, haka shuɗi da ruwan lemo, haka rawaya da shunayya, kuma rola ba ta san raba faɗa ba, duk abin da ta tarar sai ta haɗe shi. In kina son kala biyu a shafi ɗaya ki zaɓi maƙwabta, rawaya da kore, ko shuɗi da kore, ko ja da ruwan lemo, ki sa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa ki bar su su haɗu a tsakiya kawai. In kuma lallai ja da kore kike so a zane ɗaya, ki buga ɗaya, ki bari takardar ta bushe, sannan ki buga ɗayan a kai. Ki fara da mai haske ki ƙare da mai duhu. Hawa uku ya ishe ki yanzu, daga na huɗu abin ya kan fara dagulewa ko a hannun gwanaye. Kuma ki riƙa tsaftace rola tsakanin kala da kala ta hanyar mirgina ta a takardar gefe, wallahi wani lokacin takardar gefen nan ta fi ainihin bugun kyau, kar ki yar da ita.

Bari in ɗan tsaya a kan ganye tunda shi ya ja ki cikin harkar, kuma a nan ne nake zargin kina jefar da mafi kyawun bugunki ba ki sani ba. Ki shafa fenti, ki ɗora ganyen ta bayansa, wato gefen da jijiyoyi suka fi tasowa shi zai kalli fenti. Ɗanyen ganye mai laushi wanda yake kwanciya, busasshe farfashewa yake kuma yana iya sokar farantin, mai kaurin kara kuma ki datse karan. Ki ɗora takarda ki shafa bayanta da tafin hannu, ki bi gefen ganyen da yatsa sosai don takardar ta taɓa fenti har bakin ganyen, ki ɗaga daga kusurwa ɗaya. Abin da za ki samu shi ne kala ko'ina da farar siffar ganye a tsakiya. Yawancin mutane nan suke tsayawa su goge farantin. Ke kar ki goge. Ɗaga ganyen a hankali, in da hantsaki ma ya fi, ki duba, a ƙarƙashinsa akwai fentin da takardar farko bata taɓa ba, kuma jijiyoyin ganyen sun zana kansu a ciki ɗaya bayan ɗaya. Maza ki ɗora sabuwar takarda ki shafa. Wannan bugu na biyun shi ne wanda kika gani a bidiyo ya tafi da hankalinki. Ganyen kansa ma yanzu yana da fenti a jiki, ki kifa shi a wata takarda ki danna, kin samu na uku daga shafa fenti sau ɗaya.

In fentin da ke ƙarƙashin ganyen ya riga ya bushe kafin ki kai gare shi, ba asara ba ce. Bar shi ya bushe sarai, ki shafa wani siririn fenti mai haske a kai, fari ko wata kala mara duhu, ki ɗora takarda nan da nan ki shafa sosai, ki ba ta minti biyu zuwa biyar, sabon fentin zai kama tsohon su taso tare. Ki ɗaga kusurwa ki leƙa, in bai taso ba mayar ki ƙara jira. Sai dai a farantin gida kar ki manta da ita ta daɗe, takarda tana tsotse danshi ta manne, wajen ɓamɓarowa ta taho da fatar farantin.

Banda ganye duk abin da yake da laushi da zane a jiki kayan aiki ne, leshi, zare, ragar da ake zuba kaya, ledar nan mai ƙurajen iska da ake naɗe kayan fashewa, kwalin da aka ɓare fuskarsa layukan ciki suka fito, gashin tsuntsu, siffofin da kika yanka da almakashi daga takarda. Za ki iya zane a cikin ɗanyen fenti da audugar goge kunne ko gefen kwali. Abin da ba a kusantar farantin da shi shi ne mai tsini, fensir, allura, wuƙa, dogon farce, rami ɗaya suka yi sai ya riƙa fitowa a kowace takarda. Kuma komai a juye yake fitowa, hagu ya koma dama, in rubutu za ki yi sai kin juya shi tun farko. Dabarar nan ta ɗauko hoto daga mujalla ko daga takardar firinta mai leza, na san za ki ci karo da ita ki so gwadawa, ki ajiye ta gefe tukuna, tana da saurin ba da haushi, ba kowace mujalla ke yi ba, firinta mai tawadar ruwa ba ta yi sam, kuma ta fi karɓuwa a farantin kamfani.

Takardunki masu tsada da suka rage, ki mayar da su cikin durowa yau ɗin nan. Tsadar takarda ita ke sa hannu rawa, ki tsaya kina tsoron ɓatawa har fenti ya bushe. Ki sayi bandir ɗin takardar firinta ta yau da kullum, tana da santsi tana ɗaukar ƙananan layuka, takardar zanen ruwa mai gurza-gurza ma ba ta kai ta ba a wannan aikin don ba ta kwanciya a jikin farantin ko'ina. Takardar hoto mai sheƙi ce kawai za ki guje wa, mannewa take ta lalata faranti. Ki zauna ki buga ashirin ko talatin a zama ɗaya da kala ɗaya tak, mai duhu, ganye iri ɗaya, abin da za ki riƙa canzawa yawan fenti ne kawai, ki rubuta a bayan kowace abin da kika yi. A wannan sana'ar kowane bugu guda ɗaya ne ba ya maimaituwa, ko shahararren mai zanen nan Edgar Degas na Faransa da ya yi irin wannan bugun a kan farantin ƙarfe a ƙarni na 19, sau da yawa bugun da ya fito dishi-dishi sai ya bi shi da alli mai kala ya ƙarasa. Ke ma waɗanda basu yi ba ki buga wani hawa a kansu, ko ki bi da biro, ko ki yanke kusurwar da ta yi kyau ki manna a kati. Masu bidiyo ma tulin da bai yi ba yana ƙarƙashin tebur, kyamara ce ba ta leƙa can.

Maigidanki kuwa, gaskiya ina bayansa a wannan. Abu mai fumfuna da fenti a jiki bai da wurin zama kusa da abinci, wasu fentin ma akwai sinadarai irin kadmiyom a ciki, ga shi farantin yana kama da abin ci, in akwai yara a gidan sai ki tsinci an gutsira. Kar ki tsaya kare kanki, ki ce masa ya yi gaskiya, kin gano maganin, dare ɗaya kawai sabon zai yi a firij a rufe tun bai ga fenti ba, daga nan ya bar kicin. Tiren da kika ɓata ya zama na aikin har abada, ki saya wa kicin wani, haka kwano da cokali da rariya, ki ɗaura musu alama. Ki sami akwatin roba mai murfi wanda komai zai shige, ki shimfiɗa tsohuwar jarida ko leda kafin ki fara, in kin gama ki naɗe. Ina kyautata zaton ba zanen ne ya dame shi ba, wari ne da tire, amma kuma ki gaya masa abin da kika gaya min, cewa tunda kika bar aiki wannan ne abu na farko da kika ji kina so don kanki, mai yiwuwa bai san nauyin abin a wurinki ba, shi yana ganin wani jeli ne ya ruɓe.

Farantin kamfani, irin na Gelli Arts da ya fito a 2011 ko na Gel Press, babu jelatin a cikinsa ko kaɗan, wata roba ce mai man ma'adini, ba ya ruɓa ba ya narkewa da zafin ɗaki, kuma yana shekaru. Abu ne mai kyau, ban hana ki ba, in ɗakinki zafi ne kullum ma ƙarshenta can za ki. Amma in kika saya yau da hannun nan mai cika fenti, caɓal ɗin zai biyo ki can, sai yayarki ta ce ba ga shi ba har da asarar kuɗi. Ki haɗa na gilisarin ɗin nan tukuna, ki cinye bandir ɗaya na takarda a kansa, in kin ga har yanzu kina ɗokin zama ki buga, lokacin ki saya, ki fara da madaidaici ba ƙato ba.

Wajen ajiya, ki cire ragowar fenti da takarda, ki goge da ɗanyen tsumma mai sanyi ko tishun goge jarirai, in wani ya kafe ɗan man jarirai yana ɗaga shi, sai ki tsane. Tabon kala da ya shiga jikin farantin ba ya hana aiki, kar ki dirje shi. Ki kwantar da shi a shimfiɗe tsakanin faffaɗan roba biyu masu santsi, ki kore iskar da ta maƙale, ledar nan mai mannewa ta kicin tana barin tamoji a fuskarsa, takarda kuma tana shanye masa danshi, kuma kar a ɗora masa komai a kai. In kin buga talatin ɗin nan ki turo min hoton guda biyu, wanda ya fi kyau da wanda ya fi muni, daga munin zan fi gane ko fentin ne har yanzu ko farantin ne ke neman ƙarin jelatin.